Daren da Na Tara Gari Kallon Taurari

Ba zan taɓa mantawa da wani dare na kaka ba, a shekarata ta farko ta koyarwa, zamanin da kuɗin man fetur ya shigo ana ta gina firamare a ƙauyuka. An tura ni wani ƙauye a yankin Roni. Azuzuwa sabbi fil, amma yaran ba su cika benci uku ba, kuma an ce in ba su ƙaru ba za a rufe makarantar. Dagaci ya ce shi bai ga abin da boko zai nuna wa yaro wanda gona ba ta nuna masa ba. Ni kuwa da rawar kaina na ce a ba ni dare ɗaya.

Na taka keke har Kazaure na aro madubin hangen nesa wajen tsohon malaminmu na kimiyya. Shi ya taɓa gaya mana akwai wani dandazon taurari can nesa, wanda haskensa ke tafiyar fiye da shekara miliyan biyu kafin ya iso idonmu. (Ban taɓa ganinsa ba. Wannan kuma ban gaya wa kowa ba.)

Bayan isha muka ci tuwo a gidan Dagaci, miya ta sha man shanu, sannan aka ɗunguma filin makaranta. Da yake ba a zaunar da manya cikin duhu, na kunna fitilar nan mai famfo na ajiye ta gaban tabarmar Dagaci, dab da madubin. Na goge gilashin da babban yatsana, na duƙa.

Na duba gabas, na duba arewa, babu komai sai baƙi. Can sai ga wani haske fari-fari, mai zane-zane a zagaye. Na daka tsalle na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi!"

Dagaci ya leƙa ya ce, "Allahu Akbar!" Liman ya leƙa ya yi tasbihi. Mutane suka yi layi, ni kuma ina gefe ina zuba bayani, hannu a ƙugu.

Sai layi ya zo kan Baffa Juli, wani dattijon makiyayi da ya kawo shanunsa cin kara. Wajen duƙawa kafaɗarsa ta ture madubin, bakin madubin ya koma kan bishiyar kuka. Ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago.

"Malam, abin naka ya sauko kan kuka."

Ya juya shi saitin rumbun hedimasta. "Ga shi nan ma." Ya shinshina gilashin ya ce, "Wannan ai man shanu ne. Na san ƙamshinsa."

Shatin yatsana ne fitila ta haska. Shi Liman ya yi wa tasbihi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Dariyar da aka yi har karnukan gari sai da suka amsa.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan nan, kashe wutar nan tukuna." Na kashe. Ya sa muka yi shiru har idanunmu suka saba da duhu, taurari suka yi ta fitowa kamar an watsa gero. Ya nuna saman kanmu da sandarsa. "Ga abin da kuke nema can, kar ku ƙura masa ido, ku kalli gefensa kaɗan. In muna kiwon dare a kaka, kullum yana nan."

Sai na gan shi. Ɗan hayaki ne siriri, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na manta da kunyata gaba ɗaya. Hasken da ya taso tun ba a san da Roni ba, ga shi yau ya sauka a idona.

Dagaci ya ce a hankali, "Shekara nawa ka ce, Malam?"

Na maimaita masa.

"Iko sai Allah. Juli ya san wurinsa, kai ka san nisansa. Gobe za a kawo yaran."

An kuwa kawo su, makaranta ta tsira. Amma har na bar garin sunana Malam Man Shanu. Tun daga ranar ba na tara jama'a a kan abin da ban gani da idona ba, in kuma ta kama dole, to sai na wanke hannu da sabulu.