Ranar da Na Je Ofis da Ƙamshin Amare

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, aka yi mana ƙarin albashi, kowane ƙaramin akawu ya ɗauki kansa ɗan birni. Daga Kusada na zo Kankia aiki a wani ofishin sayen gyaɗa, kuma na ƙudura sai na kankare ƙauyanci daga jikina. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ke share wa gari titi kyauta, na sayi taguwa mai matse ƙirji da kwala kamar kunnen jaki, ga takalmi mai tudun dunduniya. Suma kuwa na tara ta har hula ta daina zama. (Hoton yana nan. Na hana jikokina gani.)

Turare kaɗai ya rage, kuma ina da dalili. Shugaban ofishinmu, Malam Idi, baffan Rabi ne, yarinyar da nake nema, kuma tun rasuwar mahaifinta shi ne waliyyinta. Manyana sun je sun gaishe shi, ya ce a ba shi lokaci ya ga kamun ludayina. Ni kuma a wautata na ɗauka da hanci ake ganin kamun ludayi.

Ranar kasuwa na tarar da wani mutumin Barno ya baje kwalaben turare. Na shinshina wannan, na shinshina wancan, duk na ce irin na tsofaffi ne na zuwa Juma'a. Sai na hango wata 'yar kwalba mai ruwa kauri-kauri. Ina buɗewa ƙamshin ya tafi da ni. Mai turaren yana naɗe mini ita ya ce, "Maigida ya iya zaɓe. A gaida mai ɗaki." Maimakon in ce ba ni da mata, sai na gyara kwala na ce, "Za ta ji." An kira ni maigida a tsakiyar kasuwa, wa zai tsaya gyaran zance?

Ran Litinin na shafa a wuya, na shafa a hammata, na bi bayan kunne, na ƙarasa da suma. Ofishin namu ɗaki ɗaya ne, ga fanka tana raba ƙamshin kowa ya samu rabonsa. Sani mai buga tafireta ya ɗaga kai ya ce, "Kai, yau ko ɗakin amarya albarka!" Na ɗauka yabo ne. Har godiya na yi masa.

Malam Idi na shigowa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ja numfashi. Ya bi ƙamshin tebur-tebur, a natse, har ya iso kaina.

"Samari, yaushe aka ɗaura?"

"Aka ɗaura mi, ranka ya daɗe?"

"Auren mana. Na daɗe ina aiki a Barno, iyalina ma 'yar can ce. Wanga ƙamshi humra ce, ta matan aure. Ba ta hawa rigar namiji sai in daga ɗakin mace ya fito. In aure ka yi a ɓoye, ka yaudari ɗiyata. In kuwa ba aure ba ne..." Bai ƙarasa ba, bai kuma ɗaga murya ba.

Gaskiya na tsorata, don ina ji ina gani Rabi za ta kuɓuce mini. Na fara rantse-rantse, ya ce rantsuwa ba ta wanke ƙamshi. Sai Allah ya tuna mini kwalbar tana aljihuna (na zo da ita ne don in ƙara da azahar, ku ji fa). Wandon nan duk faɗinsa a ƙasa yake, ƙugu a matse, sai da na yi ta mutsu-mutsu a gaban kowa kafin ta fito.

"Ni na saya, ranka ya daɗe. Ni na shafa."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ina da ina?"

"Har suma," na ce, murya kamar ta sauro.

Ya dube ni daga suma har takalmi. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya cire tabarau yana share hawaye. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Wauta ce, ba lalata ba. Wauta tana da magani." Ya jefa kwalbar a aljihunsa, ya ce in je gida in yi wanka da sabulun salo. Na bi ta tsakiyar gari, takalmi na ƙwas-ƙwas, mata na waiwaye suna neman amaryar. Sunan kuwa ya bi ni: har na bar ofishin nan Sani bai daina kirana Amarya ba.

Bayan kaka aka ɗaura mana aure. A cikin kayan Rabi na ga kwalbata, wai baffanta ne ya ba ta, ya ce tsarabar angonta ce. Ranar da na koma aiki ban shafa komai ba. Malam Idi ya zo wucewa, ya tsaya, ya ja numfashi.

"Yawwa," ya ce. "Yau ta halal ce."

Tun daga nan turaren ofis ɗigo ɗaya nake sawa, wanda sai mai gaisawa da ni zai ji. Kuma duk mai turaren da ya ce in gaida mai ɗaki, sai na tsaya na tambaye shi dalili.