Ranar da Na Fyace Hanci a Makirufo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara zama gaban makirufo a shagon Oga Habu. Ko na so in manta ma, 'yan acaɓan Birnin Gwari ba za su bar ni ba.

Oga Habu shi ne mai shagon tura fina-finai a waya da ke kusa da tasha. Ni kuwa a lokacin ba aikin fari bare na baƙi, sai zaman bencinsa da surutu. Duk fim ɗin da aka kunna sai na sa baki, musamman na ban tsoro, don a nan nake ganin kaina malami. Na sha yi wa mutane lacca cewa tsoro yaji ne, dariya kuma ruwan da ake kurɓa a bayansa, wanda bai iya haɗa su ba ya bar sana'ar. (Ni da ban taɓa haɗa ko tallan sabulu ba.)

Wata Laraba Oga Habu ya gaji da ni ya ce, "Kai da bakinka ba ya hutawa, ga gwaji. Kullum fassarar mutanen Kano muke sayarwa. Ga katun ɗin Japan na fatalwa, ka fassara mana da bakin garin nan. In ya karɓu, kujerar mai fassara taka ce. In bai karɓu ba, kar in ƙara jin laccarka."

Wayyo, kujera! Aikin da zan shiga gida in ce wa Inna, mahaifiyata, yau na samu abin yi. Ya ce in tafi da fim ɗin in kalla tukuna. Na ce haba Oga, ni za a koya wa fatalwa? Na ɗan leƙa farkonsa na ce a kunna kawai.

Bayan azahar ya tayar da janareta, ya zaunar da ni a ɗan ɗakin bayan shago, ya ce man ba zai kai a yi sau biyu ba, in na fara kar in tsaya. Ya ja ƙofa ya fita. Zafi kamar gidan burodi, amma baki ya buɗe.

Labarin wata fatalwa ce da ke tsayawa a bakin daji. Duk wanda ya fito sai ta cafke kansa da hannu biyu, ta ƙura wa fuskarsa ido, sannan ta sake shi ya ruga yana ihu. Nan take na raɗa mata suna Hajiya Bincike. In ta kama mutum sai in siranta murya in ce, "Tsaya, ina katin shaidarka?" In kiɗan tsoro ya taso sai in yi ƙasa da murya har ni kaina tsigar jikina ta tashi, in ta yi tsalle ta fito in ce, "Kai, wannan ko mai karɓar haraji albarka!" Wallahi ina jin daɗin kaina. Har na fara tunanin irin hular da zan saya.

Sai aka zo ƙarshe. Kiɗan ya ɗauke ɗif. Ta kama wani matashi, ta duba fuskarsa. Rubutun Turancin da ke ƙasa ya fito, na karanta ina shirin sako wata barkwancin. Abin da ta ce shi ne: ba kai ba ne, amma ko ka ga ɗana a ciki?

Ashe duk kame-kamen nan ɗanta take nema, wanda ya shiga dajin bai fito ba.

To, ga abin da Oga Habu bai yi lissafi da shi ba, ni ma haka. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare yayana Sale a hanyar gona wajen Kutemeshi, suka shiga da shi daji, har yau shiru. Tun daga lokacin, duk motar da ta shigo tasha da la'asar, Inna na tsaye gefe tana duba fuskokin masu sauka ɗaya bayan ɗaya. A gida ba ma zancen. Ni dai nawa in ba ta dariya, shi ke nan.

Na buɗe baki in yi muryar fatalwa. Na ce, "Ko ka ga..." sai murya ta tsage. Jama'a, na fashe da kuka. Ba irin na maza ba, wanda ake share ido a ce hayaƙi ne. Kuka sosai, mai shessheƙa da jan majina. Ina jin bakina yana cewa, "Inna, ki koma gida, don Allah ki koma gida." Sannan na kama gefen rigata na fyace hanci, fyaaat, a kan makirufo.

Na fito na ce wa Oga an gama, na sulale. Niyyata in yi sammako in roƙe shi a yanke ƙarshen. Amma washegari kasuwa ke ci, shi kuma ya duba farkon ya yi dariya, ya hau tura wa mutane tun kafin in karya.

Da na shigo tasha, daga teburin mai shayi na fara jin kaina ina shessheƙa. Na ƙara gaba, shagon aski ma ni ne. Wani ɗan acaɓa ya hango ni ya siranta murya, "Inna, ki koma gidaaa!" sauran suka amsa da "fyaaat!" Wani ma ya yanko fyacewar ya mai da ita ƙarar kiran wayarsa. Na rasa inda zan sa kaina. Na shiga shago na fito, na zaga bayan masallaci na dawo, na zauna na miƙe. Abu ɗaya ke cina: kar Inna ta ji. Na mai da ita fatalwa a gaban gari, na tona abin da muke rufewa.

Da yamma na shiga gida a ɗarare. Na tarar da ita a tabarma tare da maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, waya a tsakaninsu, muryata na fita. Maman Rifkatu na share ido da bakin zane, tana ganina ta miƙe ta ce ta bar tuwo a wuta.

Inna ta dube ni. Ta ce, "Kai yanzu a gaban duniya kake fyace hanci da riga? Haka na koya maka?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

Ta ce, "Ni ce Hajiya Bincike ko?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ji ta yi 'yar dariya, sannan ta ce a hankali, "Ashe kai ma kana jiransa. Kullum ina ganinka kana wasa, na zaci ni kaɗai na rage."

Kujerar dai na samu, don Oga ya ce bai taɓa tura fim kamar wannan ba, wai mutane na zuwa suna cewa a ba su na mai kukan nan. Inna ba ta daina zuwa tasha ba, sai dai yanzu in la'asar ta yi nakan bar shago in je in tsaya kusa da ita, 'yan acaɓa kuma sukan yi shiru har mu wuce.

Abin da na koya? Masu fim ɗin tsoro mugaye ne: suna ba ka dariya ne don ka saki jiki, sannan su dake ka inda ba ka tare ba. Don haka in za ka yi musu bakin iyawa, ka tafi da hankici, kuma ka san inda ake kashe makirufo.