Minsharin da Na Ɗora wa Malam

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata asibitin Birnin Kebbi ba, ko da tsufa ya kwashe sauran tunanina. (Ɗiyata Hadiza ke rubuta mini, tana ƙumshe dariya. Ina ganinki.)

Tun aurenmu nake gaya wa mutanen Argungu cewa mijina Malam, Allah ya jiƙansa, minshari yake kamar injin ban-ruwa a fadama. Bai taɓa musawa ba. Ya rasu, na fita takaba, Hadiza ta zo kwana ɗakina. Da safe ta ce, "Inna, ke ce fa. Har numfashinki ɗaukewa yake."

Na ce ƙarya take. Ta ja ni wurin likita.

Likita ta ba ni 'yar na'ura mai cije yatsa, in kwana da ita. Wai tana auna iskar da ke cikin jini, duk sanda numfashi ya tsaya cikin barci awon zai faɗi, ta adana shaida. Shaida a kaina, ni da nake da jikoki! Na ƙudura ba za ta samu ba. Na zauna kan sallaya, na'ura a hagu, carbi a dama, na ci goro har asuba.

Washegari muka mayar. Likita ta duba ta ce, "Inna, anya kin yi barci?"

Na ce kamar gawa.

Ta sake maƙala mini ita, ta juya tana rubutu. Kujera mai laushi, fanka tana kaɗawa. Ban san sanda na tafi ba. Abin da ya tashe ni gurnani ne, nawa, ga na'ura tana tsuwa, ga masu jiran layi suna leƙe ta ƙofa, har da matar limamin unguwarmu.

Likita ta ce, "Da can wa ke tashinki idan numfashin ya tsaya?"

Sai na tuna. Kullum Malam na zungurina da gwiwar hannu, ni kuwa in yi ta masifa wai barcinsa ba natsuwa. Na yi kuka a nan, hancina na zuba.

Yanzu ina bin maganar likita. Abin da na koya: kafin ki kai ƙarar mai minshari, ki tambaya wa ke farke. Ni dai barci nake, ban san wa na ji ba.