Yadda Za Ka Dasa Bishiya Dubu Goma Da Guda Arba'in

Ranka ya daɗe sabon magajin gari, barka da shan rantsuwa. Na san halin da kake ciki. Lokacin neman ƙuri'a ka hau bayan mota da lasifika, bakinka ya yi ta zuba, yanzu ga 'yan jarida sun rataye kalanda suna ƙirga maka kwana ɗari. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin ranar cikar kwana ɗari za a tafa maka har tafin hannu ya yi ja, kuma ba za ka yi gumi ba sai ɗan wanda hoto yake bukata.

Ba a aji na koyi wannan ba, don ban daɗe a can ba. A bayan sitiyari na koya. Ni na tuƙa motar gandun itatuwan birninmu a kwana ɗarin farko na namu magajin garin, wanda ya yi alkawarin dasa bishiya dubu goma, har mutane suka bar sunansa suka koma ce masa Dubu Goma. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban masu lambun gandun, shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, kuma shi ya sama mini tuƙin. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya, yana zaune da iyalinsa a gidan ma'aikata da ke cikin gandun. Ka riƙe wannan, za ka bukace shi a gaba.

Mataki na ɗaya: Ka faɗi adadin da ba mai iya ƙirgawa

Kada ka ce bishiya ashirin. Ashirin kowane ɗan zaman banza zai iya bin titi ya ƙirga ta, ya dawo ya ce sha uku ya gani. Dubu goma kuwa, duk wanda ya fara zai ji yunwa kafin ya kai ɗari uku, ya koma gida.

Mataki na biyu: Ka je ka ga abin da kake da shi, sau ɗaya tak

Washegarin rantsuwa namu ya zo gandu da sakatarensa, wani siririn mutum mai biro uku a aljihu. Kawu ya sa wankakkiyar riga ya zagaya da su. Ya nuna musu rijiyar da ta ƙafe, da rumfar raino da iska ta yaye tun shekara huɗu, sannan ya kai su ga abin alfaharinsa: ƙananan itatuwan mangwaro arba'in, kowane ya kai ƙirjin mutum, kowane a cikin rabin duro. Daga ƙwallo ya raine su, da ruwan da matarsa ke ragewa a gida.

Ya yi bayani cewa in an gyara rijiya aka ƙara masa mutum shida, zai iya ba da dubu ɗaya nan da shekara biyu. Magajin gari ya saurara har ƙarshe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce irin waɗannan dattawan ne ginshiƙin birni. Sakatare ya matso kusa. Ya zaro biro ya yi rubutu a tafin hannunsa, ya nuna wa maigidansa. Daga inda nake tsaye na hango: arba'in sau ɗari biyu da hamsin.

Ka nemi irin wannan sakataren. In naka ya fara maganar gyaran rijiya, ka mai da shi sashen kula da maƙabarta.

Mataki na uku: Kada ka bari saiwa ta taɓa ƙasa

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka karanta sau biyu.

A haƙa rami arba'in a gefen titi. A sa kowace bishiya a ciki tare da duronta. A rufe bakin duron da ƙasa yadda ido ba zai gani ba. Kai kuma ka iso da shebur mai ƙyalle a wuya, ka watsa ƙasa cokali biyu, ka zuba ruwa daga sabon bokiti, ka kalli mai hoto, ba bishiyar ba. Kana juya baya jama'a za su watse, sai a ciro duron a loda a mota, a wuce titi na gaba. Titi uku a rana ya isa. Na ukun a bar su su kwana, da safe a kwaso.

Ranar farko Kawu ya tsaya da diga a hannu yana kallon sakatare kamar ya ga mutum yana wanke tufafi da toka da manja. Ya ce wannan ai ba dashe ba ne, yawon buɗe ido ake kai bishiyoyin. Sakatare ya ce masa a takarda an rubuta "an dasa", ba a rubuta "an bari" ba, ya kuma tambaye shi wata nawa ya rage masa. Kawu ya ɗauki digarsa.

Mataki na huɗu: Ka tanadi amsa ga masu tambaya

A kowace unguwa akwai mai gyaran taya ko mai aski da ba ya zuwa ko'ina, yana kallon komai. Zai tambayi inda za a kai bishiyoyin. A ce masa za a kai su a yi musu allurar rigakafi, za su dawo ranar Alhamis. Kada a faɗi wace Alhamis. Na faɗi wannan magana fiye da sau ɗari, a wata biyun farko mutum ɗaya ne kawai ya yi mini musu, shi ma cewa ya yi ai a nasa sanin ranar Talata ake yi wa bishiya allura.

Mataki na biyar: Kada ka yi asarar rami

Kowace bishiya da aka ciro ta bar rami, kai kuma ka yi alkawarin magudanan ruwa. Ga su nan, arba'in a kowane titi. A rubuta "an fara haƙa". Bayan mako biyu, in akuya ta faɗa ciki ko mai babur ya karya ƙafa, a turo mutum biyu su cike. A rubuta "an cike ramukan titi". Da duro arba'in ka taɓa alkawari uku. Masana mulki sun tabbatar cewa rami ɗaya in ya samu shugaba nagari yana iya shiga rahoto har sau biyar.

Mataki na shida: Ka sa ido a kan wanda ya iya aikin

Malalaci ba zai taɓa ba ka matsala ba. Matsalarka tana wurin wanda ya san abin da yake yi.

Zuwa kwana na hamsin bishiyoyin sun gaji. Rana ta dafa duro, duro ya dafa saiwa, jijjigar mota ta ƙarasa sauran. Ganye ya fara rawaya daga baki. Sakatare ya sa a riƙa goge su da jiƙaƙƙen tsumma kafin maigida ya iso, mai hoto kuma ya riƙa ja da baya. Kawu ya daina zama gaba kusa da ni, ya koma bayan mota yana tare su da jikinsa in mun shiga gargada. In na taka birki da ƙarfi sai ya buga rufin motar ya ce, ɗan nan, ba siminti ka ɗauko ba. A gida matarsa ta ce ya daina cin abincin kirki, ta tambaye shi ko bishiyoyin ne za su ba su wurin zama in an kore shi.

Rana ta sittin da ɗaya titinmu na uku wani ɗan siririn layi ne na masu sana'a. Rami na ƙarshe ya faɗo daidai ƙofar shagon wata tela, mace mai jiki da tabarau, wadda rana ke dukan keken ɗinkinta tun hantsi har la'asar. Ita aka ba bishiyar da ta fi kowace laushi, wadda muke ɓoyewa a ƙarshen layi. Da taro ya watse sai ta fito da ruwa a bahon wankinta ta zuba mata, ta tambayi Kawu shekara nawa za ta yi kafin ta ba da inuwa. Ya ce huɗu. Ta ce za ta jira, ai ta jira mijinta ya gyara rufin shago shekara tara.

"Baba, sau nawa zan riƙa ba ta ruwa?"

Kawu ya waiwayo wurina. Sannan ya ce mini in je in sha shayi in dawo.

Da safe muka zo kwasa. Talatin da tara suka fito kamar kullum. Ta arba'in muka kama muka ja, ta ƙi. Na duba bayan mota sai ga rabin duro ɗaya ba komai a ciki. Telar tana zaune a bakin ƙofa da almakashi a cinya, ta zagaye bishiyar da tsofaffin katakai. Na fara yi mata bayanin allura, ta dube ni ta saman tabarau ta ce 'ya'ya biyar ta kai rigakafi, ba a taɓa tumɓuke ko ɗaya ba.

Mataki na bakwai: Ka kafa kwamiti

Sakatare ya gano a ranar, don layin hoto ya yi giɓi. Kada ka yi fushi a gaban mutane, ka kafa kwamitin mutum biyar ya binciki ɓatan kayan hukuma. Namu ya zauna sau shida. Sun je wurin sau biyu, sun tsaya a gefen bishiyar, sun auna ta, sun rubuta cewa har yanzu ba a gano inda take ba, tunda ba ta cikin duronta.

A kwana na casa'in da bakwai aka kira Kawu ofis, ni na kai shi. Sakatare ya ba shi kujera, ya ce ba wanda ke son ganin dattijo da iyali a titi saura wata huɗu ya huta. Abu ne mai sauƙi: ya je ya ciro ta ya mai da ta duro kafin bikin kwana ɗari, a rufe magana, gida ya zauna, ritaya ta zauna.

Muka tafi da diga. Telar ta tsayar da keke. Kawu ya cire katako ɗaya ya durƙusa. Bishiyar da muke ɓoyewa a ƙarshen layi ta fitar da sabon ganye a kai, jajaye masu laushi, guda bakwai. Ya sa yatsa ya tona gindin a hankali, ya ga abin da ya gani, ya mai da ƙasar ya danna da tafin hannu. Na tuna masa maganar matarsa, na ce Kawu bishiya ɗaya ce fa.

"Ta kama," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa cire wadda ta kama ba. Mai da digar mota."

Mataki na takwas: Ka kori mai aikin, ka riƙe aikin

Takardar ta fito washegari. Laifinsa shi ne karkatar da bishiyar hukuma zuwa cikin ƙasa ba da izini ba. Aka ba shi mako ɗaya ya bar gidan.

Sai kuma aka waiwayi bikin. Talatin da taran nan sun zama sanduna, ko tsumma ya daina taimako, mai hoto ya ce in ya ƙara ja da baya zai fita daga birnin. Manyan baƙi na tafe, ana bukatar bishiya mai rai da za a tsaya kusa da ita. Sakatare ya bi takardunsa kaf, ya tarar guda ɗaya ce a faɗin garin.

Ranar kwana ɗari aka share layin masu sana'a, aka kafa rumfa, aka cire katakan telar aka sa ƙarfe mai fenti, aka kafa allo da sunan maigida. Maigida ya tsaya ya kama ganye ɗaya da yatsa biyu, ya ce wannan ɗaya ce daga cikin dubu goma, kuma duk wanda ya ga yadda ta yi kyau ya ga sauran. Aka tafa. Telar ta leƙo ta tambayi sakatare ina dattijon da ya dasa ta, ya ce mata yana hutu, ta ce shi ma Allah ya ba shi irin hutun. Ya ce amin kafin ya gane.

A daidai lokacin ina ɗaure katifar Kawu a bayan motar gandu, a inda duro ke zama. Matarsa ta shiga gaba da tukwane a cinya. Za mu kai su ɗaki biyu a gidan surukinsa, can bayan tasha. Da muka zo mahaɗa na sa sigina zan bi ta babban titi, sai Kawu ya buga rufi ya ce in bi ta layin masu sana'a. Na ce an rufe, ana biki. Ya ce to in tsaya daga bakin layin. Ya miƙe tsaye a kan kayan yana hange ta saman kawunan mutane, ya daɗe, sannan ya ce sun matse bishiyar da ƙarfen nan, nan da shekara biyu sai an buɗa mata. Ya ce gobe in zo in faɗa wa telar. Ya zauna, ya ce mu tafi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko faɗawa rami, ko zafin rana, ko sake cin zaɓe. Bai san kowane magajin gari ba, bai taɓa ganin duro ba, kuma tun ranar da ya kai kayan wani dattijo da motar hukuma ba da izini ba aka karɓe makullin, saboda haka kada a neme shi a gandu. In aka bi komai daidai amma duk da haka wata bishiya ta tsira a garinka, wannan sakacin ma'aikatanka ne, ka bincika a cikinsu akwai mai tsoron Allah. Wanda kuma yake da mota yana neman direba mai taka birki a hankali, ya tambaya a bayan tasha.