Farfesa da Hedifon Mai Raga

"Ni fa da kuke gani, ko a cikin kwali kayan sauti yake, ina ɗaga shi zan gaya muku na kirki ne ko na banza."

Farfesa ke nan, a motar ma'aikata, yana cika baki tun kafin direba ya saka giya. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina. Magatakardan sito ne a wani kamfanin rarraba kaya, aikinsa buga hatimi a takarda. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Farfesa don tsokana, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu, har ya rubuta a ƙofar lokarsa.

Abin da ya kawo maganar shi ne shugaban sito ya yi ritaya, kuma ranar Juma'a mai zuwa Manaja zai gana da masu neman kujerar. Farfesa ya sa rai har ya ɗinka sabuwar riga. Tafiyar awa guda ce daga unguwarsu zuwa ofis, ya ƙudura zai riƙa bitar amsoshinsa a hanya. Shi ya sa yake neman hedifon mai arha, irin mai kife kunne, wanda hayaniyar titi ba ta shiga, abin da kake ji kuma ba ya fita.

Sakatariya, wata dattijuwa da ta riga shi kama aiki da shekara ashirin, ta ce, "Ƙanena, ka sayi mai rufaffen baya. Kuma kafin ka biya, ka ɗora wa wani a ka, kai ka tsaya gefe ka saurara. Wanda ya sa ba ya jin abin da ke fita."

"Haba Anti! Ni za a koya wa? Ke da har yau jikokinki ke saita miki waya?"

Ranar Asabar ya dira shago. Mai shago ya miƙo masa wani ɗan madaidaici. "Wannan masu shiga mota ke saye. Yana naɗewa, ba nauyi, bayansa a toshe, kuɗinsa kuma ba ya gagarar talaka."

Farfesa ya taɓe baki. Idonsa ya riga ya faɗa kan wani ƙato a saman kanta, kowane kunne kamar murfin tukunya, bayansa duk raga.

"Yallaɓai, wancan na zaman ɗaki ne," in ji mai shago. "Bayansa a buɗe yake, sauti na fita ta ragar."

"Kai dai sayarwa ka iya. Ragar ta shan iska ce, don kada kunne ya yi gumi. Sauti gaba yake tafiya, ba ya waiwaye. Ilimi ne, ba lallai ka gane ba."

"To kawo in sa, ka ji da kunnenka."

"Ka goga mini man kanka? Ba kan da zai hau sai nawa."

Ya kifa abinsa a kunne, ga janareta na ruri a bakin ƙofa, ya gyaɗa kai, ya ce ko numfashi ba ya fita. Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya naɗe masa. Dama abin ya shekara biyu yana shan ƙura.

Da ya koma gida sai ya rufe ɗaki ya ɗauki muryarsa a waya, shi ne mai tambaya, shi ne mai amsa. Da farko abin da hankali. Can da ya ji daɗin muryar tasa, sai baki ya kuɓuce masa.

Litinin da safe ya hakimce a bayan direba, ya kifa murafan tukunyarsa, ya kunna muryar da ya ɗauka. Ƙahon motoci ya bi ta raga ya cika masa kunne. Maimakon ya yi zargin wani abu, sarkin wayo sai ya ƙure sauti, ya lumshe ido. Daga nan shi ya daina jin kowa, kowa kuma ya fara jin sa.

"Tambaya ta ɗaya, me ya sa ka fi cancanta? Amsa, saboda sauran duk daƙiƙai ne."

Direba, wanda ko gaisuwa ba ta sa shi rage rediyo, ya miƙa hannu ya kashe.

A wannan makon kuwa motar Manaja tana wurin bakanike. A ƙarƙashin gada ya shigo, ya wuce mai lumsasshen ido, ya zauna daidai bayansa. A daidai nan muryar ta kai gaɓa mai daɗi.

"Ranar da na hau kujera, direban nan mai tuƙi kamar yana kora jaki, sallama. Sakatariya, tsohuwar da ke gyangyaɗi a kan na'ura, fansho. Shi kuwa Manaja, Tumbin Buhu, kana yaba agogonsa ya narke. Saboda haka da shiga sai a ce, ranka ya daɗe, wannan agogo daga ina?"

Sakatariya ta ji tausayinsa duk da haka, ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Manaja ya ce, "Ƙyale shi, Hajiya, ina ƙaruwa."

Kwana huɗu ana haka. Manaja a babbar ƙofa yake sauka, kafin a zagaya da mota sito, don haka Farfesa bai taɓa ganinsa ba. Kowace rana kuma sai ya ƙaro sabon babi, da sababbin waɗanda za a kora. Masu zuwa da babur ma suka ajiye baburansu suka dawo shiga mota. Shi kuwa da ya ga ana yi masa murmushi, sai ya ɗauka kwarjinin shugabanci ne ya fara sauka.

"Anti, kin ji wani abu ya fita?" ya tambaya ranar Alhamis, yana shafa ragar.

"Allah ya kai mu gobe, ƙanena," in ji ta.

Juma'a ya shiga ofishin Manaja cikin sabuwar riga, ga Sakatariya a gefe da biro. Ya rusuna, ya washe baki. "Ranka ya daɗe, wannan agogo..."

Manaja ya ɗaga hannu, ba komai a wuyan hannun. "A gida na bar shi, kada in narke. Zauna. Tambaya ta ɗaya mun wuce ta, sauran daƙiƙai ne. Hajiya, kina farke ko kin fara gyangyaɗin?"

"Ina farke, ranka ya daɗe."

Gumi ya karyo wa Farfesa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Wa... wane munafuki ne ya kawo maka wannan magana?"

"Kai ne, kwana huɗu a jere, ina zaune a ƙeyarka. Kujera dai na ba ɗaya daga cikin daƙiƙan." Manaja ya rufe fayil, ya shafa cikinsa. "Tumbin Buhu ya gode da zuwa. Af, na kusa mantawa, 'yan kujerar baya sun ba ni saƙo. Sun ce don Allah ranar Litinin ka dawo tsakiyar mota, su har yanzu ba su ji ko suna cikin waɗanda za ka kora ba."