Motata Ta Ci Jarrabawa, Kabejin Maman Chisala Ya Sha Kashi

Jiya Talata, wajen ƙarfe huɗu na yamma, na shiga lambun kabejin maƙwabciyata Maman Chisala da mota, ko sallama babu. A aljihun rigata kuwa akwai sabuwar takarda mai hatimi biyu, wadda ta shaida wa duniya cewa motar lafiyarta ƙalau. Ku gyara zama, jama'a, in faro muku daga tushe.

Watan jiya na sayi motar nan a wani fili da ke bakin hanyar Ndola, hannun wani dillali, Sinkala, mutumin da bakinsa ya fi injin motocinsa santsi. Ya ce wata tsohuwa ce ta hau ta a Japan, ita ma ranar Lahadi kawai. Na duba filin, mota arba'in, kowacce tsohuwa ce ta hau ta. Na ce lallai tsofaffin matan Japan ba su da aiki sai sayen mota su ajiye mana.

Na ce, "Bari in ɗan zaga da ita in ji."

Ya dafe ƙirji. "Haba babban yaya! Ana ɗanɗana ƙwai kafin a saya? Ga ta, ka tayar, ka ji muryarta."

Na ji muryarta, na biya, na kawo ta gida nan Kitwe. Kwana uku na lura in na taka birki sai ta yi tunani tukuna. Na koma wurin Sinkala, ya ce baƙunta ce, ba ta saba da ƙafata ba.

To ga shi ranar Asabar za a ɗaura auren ƙanen uwargida a Mansa, kuma ni na buɗe baki a gaban dangi na ce zan kai ta da surukata da yara biyu a motata. Maman Katongo, wato uwargidan, ta ce, "Baban Katongo, uwata guda ce, ba ni da wata a ajiye. Sai an duba motar nan za mu shiga." Na ce ai ma dole ce, doka ta ce a kai ta wurin masu duba lafiyar motoci, masana masu na'ura. Su za su raba gardama tsakanina da Sinkala.

Jiya na isa wurin da sassafe na tarar da layi har ya sha kwana. A gindin wata bishiyar mangwaro, daf da ƙofa, wata mata ta baje sana'a: tayoyi huɗu sababbi ful, tulun kashe gobara, da ƙwan fitila. Ba sayarwa take ba, haya take bayarwa. Ka zo da tayoyinka da suka yi sanƙo, a ɗaura maka nata, ka shiga ka ci jarrabawa, ka fito a kwance su a mayar maka da naka.

Ta ce mini, "Maigida, a sa maka? Waɗannan tayoyin sun fi ka ilimi. Sau ɗari uku suna shiga jarrabawa bana, ba su taɓa faɗuwa ba."

Na ce na gode, nawa masu kyau ne, ni birki na zo a gwada mini. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya zo asibiti neman aski.

Sai da rana ta take layi ya zo kaina. Jami'in duba motocin, Yallaɓai Mai Biro Uku, ya fito yana sakace, da alama tuwon nshima ya zauna daidai. Ya zaga motar sau ɗaya, ya ce in danna ham. Na danna. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji bugun zuciya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, birkin fa? Na ga na'urar can a rumfa."

Ya ce, "Wannan? Ai ba a taɓa ta. Tun ranar da Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanka kirtanin ƙaddamar da ita aka lulluɓe ta, kada ƙura ta ɓata dukiyar al'umma."

Kun ji tattali! Ina ma kowa zai riƙe amana haka.

Sai ya tsuguna a bayan motar, ya yi tsaki. Ya ce na faɗi. Wai sitika mai ƙyalli da ke bayan motata ja ce mai duhu, alhali tun watan jiya doka ta koma ja mai haske. Na ce ina ake samunta? Ya nuna wani shago da haɓa, tsallaken titi, shago ɗaya tak a duk garin da Allah ya yi wa baiwar wannan launi. An bar jaki ana dukan taiki, amma wa ya isa ya faɗa? Na tsallaka, na ajiye kwacha, kuɗinmu na nan, na manna, na dawo. Hatimi ƙwas, ƙwas. Ya ce, "Allah ya tsare hanya." Ashe ba addu'a ce kawai ba, ita ce duk gwajin.

Na kamo hanyar gida ina ta fara'a. A gangaren layinmu na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka ayaba. Na ja na hannu, ya biyo ni. Shingen Maman Chisala ne ya yi aikin da na'urar rumfa ba ta yi ba.

Ta fito da muciya a hannu. "Baban Katongo! Me kabejina ya yi maka?"

Na zaro takardar na miƙa mata. Ta karanta a tsanake, ta ce, "To alhamdu, motar lafiya lau. Ashe kai ne ba ka da lafiya."

Uwargida ta iso a guje. Ta shafa kaina, ta duba hannuwana, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Gangaren nan taku hamsin ne. Na tuna gangaren hanyar Mansa, da surukata a gaba, da yara a baya, sai na zauna a kan kabeji.

Saboda haka, ya ku manyanmu masu albarka, ba mu roƙi a ƙera mana jirgi ba. A bar mai saye ya zaga da mota kafin ya biya. Dillalin da ya sayar da gawar mota a sa shi ya karɓi abarsa. A yaye wa na'urar nan mayafi ko da sau ɗaya a mako, ta sha iska. Launin sitika kuwa a bar shi ya shekara biyu, mu huta.

Motar tana garejin bakanike, ni kuma gobe zan kafa wa Maman Chisala shinge. Mansa a bas za mu je. Na je tasha ɗazu na kama kujeru biyar, na tambayi direban ko birkinsa na aiki. Ya ce in kwantar da hankalina, ai motarsa cike take da masu addu'a.