Ranar Da Na Zama Ginshiƙi

Wallahi ba da mugun nufi na ture gungumen nan ba, kyan gani kawai nake nema.

Sabon falona a Bagwai mai dogon rufi ne, babu silin, irin na birni. Kafinta ya tokare babban katakon da ke ɗauke da tsakiyar rufin da gungume, ya ce, "Malam, kada a taɓa shi sai na kawo ƙarfen ɗauri daga Bici."

Ranar sunan 'yata, sai na ga gungumen ya tsaya ƙiƙam daidai inda zan shimfiɗa wa surukina darduma. Na ƙare wa rufin kallo kamar injiniya, na ce, "Ai ƙusoshi sun riƙe shi." Na kawar da shi.

Ana tsakiyar addu'a rufin ya yi ƙara, kwano ya lotsa. Liman bai shafa ba ya yi waje, surukina ya bi shi babu hula. Da ƙyar muka mayar da gungumen, ya ƙi zama, na rungume shi har kafinta ya iso bayan azahar. Alhamdulillahi, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Har yau, duk mai shirin rufi, surukina sai ya ce masa, "Kada ka sayi ginshiƙi, zan aro maka mijin 'yata."